Kwana 63 daga teku zuwa teku: likita, bakanike da karen mota na gaske

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ta hana su saurare, da kuma waɗanda dama can sun fi son su karanta da idonsu.

Bari in fara da tambaya. Ka taɓa shiga mota tun da duku-duku, ka gama lissafinka cewa da azahar kana gida, sai can a tsakiyar daji ka ji wata ƙara daga ƙarƙashin mota? Direba ya gangara gefen titi, ya buɗe bonet, ya riƙe ƙugu yana kallon inji kamar yau ya fara ganinsa. Ka tambaye shi, ya ce maka minti biyar ne. To kowa ya san minti biyar ɗin direba. Rana ta take, ruwan gora ya ƙare, waya ta mutu, wani fasinja ya fara masifa, wata baiwar Allah ta shimfiɗa zane a gindin bishiya ta kwanta abinta.

Labarinmu na yau na wasu mutane biyu ne da wannan abu ya zame musu abincin yau da gobe har tsawon wata biyu. Su ne mutanen farko da suka ratsa ƙasar Amurka da mota, daga gaɓar tekun yamma zuwa ta gabas, a shekarar 1903. Don ku gane nisan zamanin, shekarar ce Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato.

A watan Mayu na wannan shekara, wani likita mai suna Horatio Nelson Jackson, ɗan shekara 31, mutumin garin Burlington a jihar Vermont, yana zaune a wani kulob na manyan mutane a San Faransisko. Hira ta biyo ta kan mota. A lokacin yawancin mutane kallon abin wasan masu kuɗi suke yi mata: ka hau ka zaga gari, ka tsorata dawakai, ka dawo gida. Aka ce ai wannan abar ba za ta taɓa iya ratsa ƙasar ba. Jackson ya ce za ta iya. Musu ya yi zafi har aka sa kuɗi, dala 50, a kan zai kai New York kafin kwana 90.

Yanzu ku ji abin dariyar. Mutumin nan ba shi da mota. Tuƙin ma bai daɗe da fara taɓawa ba, gyara kuwa bai san komai a kai ba. Abin da yake da shi biyu ne: lokaci da kuɗi. Ya riga ya ajiye aikin likita saboda rashin lafiya, matarsa Bertha kuma 'yar gidan attajirai ce a Vermont. Ita dai ta hau jirgin ƙasa ta koma gida, tafiyar da ba ta kai mako guda ba, ta bar shi da rigimarsa.

Kuma kada ku ɗauko Amurkar da kuke gani a fim, mai tituna shida-shida. A 1903 hanyar da aka shimfiɗa mai kyau a wajen birane, a duk faɗin ƙasar, ba ta wuce mil 150 ba. Sauran duk turɓaya ce da sawun keken doki: rani ƙura, damina taɓo. Babu gidan mai ko ɗaya. Fetur a kantin kayan masarufi ake sayensa, inda ake ajiye shi saboda risho da injinan gona, in ka yi sa'a akwai. Babu garejin bakanike, babu allon da ke nuna hanya, babu taswirar direbobi. In ka ɓace sai dai ka tambayi wanda ka gani, shi kuma ta yiwu bai taɓa wuce ƙauyuka biyu daga gidansa ba.

Dabara ta farko da Jackson ya yi, kuma a ganina ita ce mafi girma a duk tafiyar, ita ce ya san abin da bai iya ba. Ya nemo wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Sewall Crocker, mutumin Tacoma, wanda ya yi tseren keke kuma ya san inji. Crocker ne ya ba shi shawarar ya sayi mota ƙirar Winton. Suka samu wata ta hannu, Jackson ya biya dala 3,000, ya raɗa mata suna Vermont. Silinda biyu gare ta, ƙarfin doki 20, wato kamar ka haɗa baburan acaɓa biyu ko uku. In ta ƙure gudu, mil 30 a awa, wajen kilomita 48 ke nan. Ba rufi, ba gilashin gaba, kuma da sarƙa take juya ƙafafun baya kamar keke. Ku riƙe maganar sarƙar nan, za mu dawo kanta.

Suka cire kujerar baya suka loda kaya: jakunkunan barci, rigunan ruwa, gatari, shebur, kayan gyara, tukwane, bindigogi, kyamarar Kodak, tankin mai na ƙari. Sai wani abu da ya fi duk sauran amfani daga baya, doguwar igiya mai kauri da ƙarfen jan kaya mai gare-gare, irin wanda magina ke ɗaga kaya da shi zuwa saman bene. Ba a yi mako guda da yin musun ba, ranar 23 ga Mayu, suka tashi.

Mil 15 kacal suka yi taya ta fashe. Suka sa safaya. Ita ce kaɗai safayar da suka samu daidai da ƙafar motar a duk San Faransisko. Wato tun ranar farko, da dubban mil a gabansu, ba su da safaya.

Hanyar da suka zaɓa ma akwai tunani a ciki. Shekara biyu kafin nan, a 1901, shi kansa mai kamfanin, Alexander Winton, ya gwada wannan tafiya, ya miƙe gabas kai tsaye, yashin hamadar Nevada ya riƙe motarsa, ya haƙura. Saboda haka su Jackson suka yi arewa tukuna, ta cikin Kalifoniya zuwa Oregon, sannan su karkata gabas ta Idaho da Wyoming. Zagaye ne mai nisa, amma sun kauce wa yashin da ya kayar da wanda ya ƙera motar da hannunsa.

Kwanakin farko kaya ne suka riƙa zubewa. Motar na tsalle a kan duwatsu, ƙarar inji ba ta bari su ji abin da ya faɗi, sai an tsaya a ga babu tukwane, an jima a ga babu tabarau ɗin likita. Sai kuma wata mata da suka tambaya hanya a arewa da Sacramento. Ta nuna musu, suka bi, suka yi ta tafiya har hanyar ta ƙare a ƙofar wani gidan gona. Mutanen gidan suka fito suna kallon mota baki buɗe. Ashe danginta ne, so take su ma su ga mota da idonsu. Zuwa da dawowa, mil 108 suka tafi a banza. Ni dai na kasa jin haushin matar nan. Ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta ce ba za ta gani ita kaɗai ba.

Tayoyi suka ci gaba da fashewa, don an yi su ne saboda titin birni, ba duwatsu masu kaifi da lodin kaya ba. Da faci ya ƙare, sai suka naɗe ƙafar motar da igiya suka ci gaba a hankali. Da babu gara ba daɗi. Igiyar tana kare ƙarfen ƙafar kada ya lanƙwashe, tana kuma ɗan kama ƙasa, amma duk wani rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Da suka samu ofishin tangaraho, Jackson ya buga waya San Faransisko a aiko musu da sababbin tayoyi, suka lallaɓa har wani ƙaramin gari mai suna Alturas, a ƙurewar arewacin Kalifoniya, suka zauna jira.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don a nan ne ainihin tafiyar take. In ana ba da labarin irin wannan, gudu da ƙura ake nunawa. Amma wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya san lalacewar mota ba ita ce ke cin rai ba, jiran ne. Gyara aiki ne, hannunka na motsi, kana ganin ci gaba. Jira kuwa ba ka da abin yi sai kallon hanya, kuma ba ka san ranar ƙarewarsa ba. Tayoyin za su zo ne da keken dokin da ke kawo wasiƙu. Yau ya iso, babu. Gobe ya iso, babu. Kowace safiya tambaya ɗaya ce: in ƙara kwana ɗaya, ko in tafi da abin da nake da shi? In ka tafi, ta yiwu kayan su iso bayan tashinka da awa biyu. In ka zauna, ta yiwu ba a ma aiko su ba.

Me suka yi da kwanakin? Crocker ya duƙufa a kan motar yana ɗaure abin da ya kwance. Jackson kuma ya mayar da jiran hulɗa da mutane: ya riƙa ɗaukar 'yan garin yana zagayawa da su a mota, su kuma suka yi musu wasan dawakai irin na makiyayan yankin. Kamar wasa ne, amma wanda ya ɗauki ɗanka a mota jiya, yau in ya ce yana neman maƙeri ai da gudu za ka kai shi. Bayan kwana uku tayoyi ba su zo ba, suka yanke shawara suka tashi da tsofaffin.

Oregon ta karɓe su da nata. Ranar 6 ga Yuni motar ta mace a fili fetal, ba gida gaba ba gida baya. Wani makiyayin shanu a kan doki ya ɗaura mata igiya ya ja ta zuwa wani gidan gona. Ku kalli hoton a zuciyarku: abar da aka ce ta zo ta kori doki, ga doki yana jan ta. Crocker ya gyara, sai aka tarar tanki ya yi yoyo, fetur ya tsiyaye ƙasa tas. Garin da ya fi kusa, Burns, yana da nisan wajen mil 25. Jackson ya yi hayar keke, Crocker ya hau ya tafi neman mai. Keken ma tayarsa ta yi faci a hanya. Da ƙyar ya dawo da galan huɗu, Jackson na ƙorafin cewa abin ya ci masa kusan dala 20. Ku lura da wanda ya zauna da wanda ya yi tafiyar.

Da suka shiga Idaho, kusa da garin Caldwell, suka samu abokin tafiya na uku. Mu a nan in aka ce karen mota, yaron direba ake nufi, mai ɗaure kaya da sa wejin taya. To su nasu karen mota na gaske ne, mai ƙafa huɗu da wutsiya. Jackson ya saye shi dala 15, sunansa Bud. Ƙurar yankin mai gishiri-gishiri ce, tana sa idon karen ya yi ja, sai suka sa masa tabarau irin na direbobi. Ya saba da shi, yana zaune a gaba yana kallon hanya. Daga nan 'yan jarida suka samu abin da suke so, duk garin da aka shiga hoton kare mai tabarau ake nema. Har yau in ka nemi labarin tafiyar nan a intanet, hoton Bud ne zai fara fito maka, kafin na Crocker.

A tsakiyar watan Yuni, suna cikin Idaho, kwat ɗin Jackson ta faɗo daga mota ba su sani ba, kuma yawancin kuɗinsu na cikin aljihunta. Ba a sake ganinta ba. Sai da ya buga wa matarsa waya ta aika masa da kuɗi zuwa Cheyenne, can gaba a Wyoming. A cikin wannan watan ne, ranar 16 ga Yuni, aka yi rajistar kamfanin Ford a Detroit, amma wannan labarin wata rana ne.

Wyoming ce ta fi gasa musu aya a hannu. Da farko suka ɓace a wani daji mai kwazazzabai, suka yi awa 36 ba su sa komai a ciki ba, su da karen. Wani makiyayin tumaki suka ci karo da shi, ya ba su gasasshen naman rago da dafaffiyar masara, ya nuna musu hanya. Sai boris ɗin ƙafar mota ya cinye. Ina za ka samu boris ɗin Winton a wurin da ba a taɓa ganin mota ba? Crocker ya zaga, ya ga injin yankan ciyawa na wani manomi, ya duba ya ga boris ɗinsa zai iya shiga, ya lallashi mutumin har ya yarda aka cire. Wannan ita ce basirar bakaniken hanya. Ba ya tambayar wane kamfani ya yi abu, tambayarsa ita ce wane aiki abin yake yi, kuma mene ne a kusa da zai iya yin wannan aikin. Haka suka riƙa yi da maƙeran ƙauye, mutanen da aikinsu takalmin doki ne da ƙafar amalanke. Ƙarfe ya karye, a kai wa maƙeri, Crocker ya nuna masa yadda yake so, a hura wuta a haɗa.

Amma akwai ɓarnar da dabara ba ta yi mata. A garin Rawlins, kwanrod ya tsinke. Ga waɗanda ba su san inji ba, shi ne sandan ƙarfen da ke haɗa fistin da ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, duk ƙarfin mota ta kansa yake bi. Ba abin da za ka ɗaure da igiya ba ne, ba kuma na injin ciyawa ba ne, sai an auna shi daidai a masana'anta. Masana'antar Winton kuwa tana Cleveland, a jihar Ohio, fiye da mil dubu daga inda suke. Suka buga waya, suka zauna. Kwana biyar kafin jirgin ƙasa ya kawo kayan.

Wannan shi ya sa tun daga Idaho suke bin gefen layin dogo, ba sa yarda su yi nisa da shi. Layin dogo ne taswirarsu, tashoshinsa ne ofishin wayarsu, jirginsa ne ke kawo musu kayan gyara. Wani lokaci in babu gadar mota, ta kan gadar jirgin suke tsallake kogi, motar na karkarwa a kan katakan. Jirgin ƙasa ya riga ya haɗa gabas da yammacin Amurka tun 1869. Kullum yana wuce su da fasinjoji a zaune cikin inuwa, su kuma suna kwance a ƙarƙashin mota.

Suka gyara suka tashi. Ba a yi kwanaki ba, dab da Cheyenne, ɗaya kwanrod ɗin ma ya yi irin ta ɗan'uwansa. Wata wayar, wani jiran na wajen kwana biyar. In ka haɗa wannan da na Rawlins da na Alturas kawai, kusan mako biyu ke nan motar na tsaye cak, ban da ƙananan tsaye-tsayen da ba su ƙirguwa.

Kuma wannan jiran ya fi na baya ɗaci, saboda yanzu ba su kaɗai ba ne a hanya. Ranar 20 ga Yuni kamfanin Packard ya saki tasa motar daga San Faransisko, da ƙwararren direbansa Tom Fetch. Ranar 6 ga Yuli wata ƙaramar Oldsmobile ita ma ta taso. Waɗannan kamfanoni ne ke bayansu, musamman Packard da ta yi shiri sosai, ana tura mata mai da kayan gyara gaba ta jirgin ƙasa, suna jiran ta a tasha. Abin da ya fara da musun kulob ya koma tsere. Ka zauna a gefen layin dogo kana jiran ƙarfe ɗaya, ka san wani na tahowa a bayanka kullum yana rage tazara, kuma ba abin da za ka iya. Wasiƙun da Jackson ya riƙa aika wa matarsa suna nan an adana su, kuma abin da ke ba masu karanta su mamaki shi ne yadda kusan kullum yake ganin wahalar ta ƙare, daga gobe sai gudu. Sau da yawa goben tana ƙaryata shi. Amma wannan hali nasa ya yi aiki, don mutum biyu a mota ɗaya, in ɗaya ya karaya, ɗayan ma ba zai daɗe ba.

Nebraska kuma ruwan sama ne ya tare su. Ƙasar ta zama taɓo, motar ta riƙa nutsewa har ciki. A nan igiyar nan da ƙarfen jan kaya suka biya kuɗinsu. A kafa turke a gaba ko a samu bishiya, a ɗaura, a ja motar ta fito, a yi 'yar tafiya, ta sake kafewa, a sake sauka. Akwai ranakun da aikin ke nan tun safe har dare.

Ranar 12 ga Yuli suka shiga Omaha. Kwana 50 ke nan da tashinsu, kuma sai a lokacin suka kai wajen tsakiyar ƙasar. Daga nan labarin ya canza, don gabashin Amurka ya fi garuruwa da hanyoyi masu dama-dama. Kamfanin Winton, da ya ga jaridu sun ɗauki zancen, ya nemi ya ɗauki nauyin sauran tafiyar, Jackson ya ce a'a, tunda sun zo nan da kansu za su ƙarasa da kansu. Suka wuce Shikago, suka wuce Cleveland inda aka yi musu gagarumar tarba. Bayan Buffalo suka daki wani abu a hanya, su uku duka suka yi sama suka faɗo, ba wanda ya ji mummunan rauni. Rabin farko ya ci kwana 50, rabi na biyu mako biyu kacal.

Da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ranar 26 ga Yuli, suka shiga New York, gari na barci. Kwana 63 da awa 12 da minti 30. Sun ƙona fetur fiye da galan 800.

To a zo ga lissafi. Jackson ya kashe wajen dala 8,000 don ya ci musun dala 50, kuma ana cewa bai ma je ya karɓi hamsin ɗin ba. A lokacin ma'aikacin masana'anta wajen dala 500 yake samu a shekara, wato likitan ya kashe albashin shekara goma sha biyar da ɗoriya a wata biyu. Shi ya sa in na ji ana yabon haƙurinsa nake cewa a yaba, amma a faɗi gaskiya. Haƙurin wanda zai iya buga waya a aiko masa da kuɗi daban yake da na wanda kuɗin motarsa ke nan a aljihu. Kwana biyar a Rawlins, ga Jackson kuɗin masauki ne da gundura. Ga talaka, ƙarshen tafiya ke nan, sai dai ya sayar da motar ya hau jirgi.

Packard ta iso New York ranar 21 ga Agusta, kusan mako huɗu bayansu. In aka ƙirga kwanakin da kowa ya yi a hanya, nata sun gaza na Jackson da ɗan kaɗan, kwana ɗaya ko biyu. Wato duk shirin nan na kamfani, da kayan gyara a kowace tasha, tazarar da ya ba ta ke nan a kan likitan da bai iya gyara ba da yaronsa mai aron boris. Oldsmobile kuwa sai a watan Satumba ta iso. Wasu suka fara yaɗa cewa ai su Jackson sun ɗora motar a jirgin ƙasa a wani wuri, ko sun canza mota a hanya. Kamfanin Winton da Jackson suka sa ladan dubban daloli ga duk wanda ya kawo hujja. Ba wanda ya zo.

Jackson ya yi tsawon rai. Ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya ya samu rauni, ya dawo ya mallaki jarida da gidan rediyo a Burlington, ya rasu a 1955. A 1944 ya ba gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington motar, har da tabarau ɗin Bud. Crocker kuwa ya rasu a 1913, bai daɗe da haura shekara talatin ba, kuma sunansa bai yi nisa ba. Alhali shi ne ya taka keke mil 25 neman mai, shi ne ya hango boris a jikin injin ciyawa, shi ne ya buɗe injin nan ya mayar sau biyu a Wyoming. In da ni ke rubuta allon da ke gaban motar a gidan tarihin, da sunansa zan fara.

Saura ƙarshen, wanda ni ya fi ba ni dariya. Bayan an gama biki a New York, Jackson ya ɗauki matarsa da karensa suka nufi gida Vermont a cikin motar. Saura wajen mil 15 su isa, ta sake macewa. 'Yan'uwansa maza biyu suka fito taimako, kowa da tasa motar, aka gyara aka kama hanya. Ba a yi nisa ba motocin 'yan'uwan duka biyu suka lalace. Tsohuwar da ta ratso Amurka, mai faci a ko'ina, ita ta ɗaure su ta ja su har cikin gari.

Kun tuna sarƙar da na ce ku riƙe? A duk tafiyar nan an canza tayoyi, an canza boris, an canza kayan cikin inji, amma ita tana cikin 'yan abubuwan da ba a taɓa canzawa ba tun daga San Faransisko. Jackson ya iso gida, ya karya kan mota zai shiga da ita inda zai ajiye ta. Tana kaiwa bakin ƙofa, sarƙar ta tsinke.